Tarihin Mai Kwalabe da Ɓawon Cikin Bututu

Haihuwa da asali

An haifi marigayiya, wadda manya da yara suka fi sani da laƙabin Mai Kwalabe, a farkon shekarar 1957, a tsohuwar unguwa da ke bayan tashar jirgin ƙasa, cikin garin da ta yi wa hidima iyakar ƙarfinta, shi kuma ya saka mata da abin da za a ji nan gaba. Mahaifinta mai gyaran famfo ne, mahaifiyarta kuwa tela ce mai keken ɗinki ɗaya a baranda. Ita ce ta uku a cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace, amma da yake 'yan'uwanta maza sun ɗauki sana'ar uban nasu aikin ƙazanta, ita ce ta riƙa bin sa da jakar kayan aiki tun tana ƙarama.

A wannan yawo ne ta san abin da mafi yawan mutanen unguwar suka tsufa ba su sani ba, wato bututun da ke shigar da ruwa gidajensu daga babban layi na dalma ne, ƙarfen nan mai guba, an binne su tun kafin a haifi mahaifinta. Idan ya yanke guntu yakan miƙa mata ta leƙa, ta ga wani farin ɓawo ya zagaye cikinsa, irin wanda ke kama gindin butar shayi. Mahaifin nata ba ya ƙaunar ɓawon nan ko kaɗan. Yakan tsine masa, ya ce shi ke matse hanyar ruwa har mata su zagi mai gyara. Ya rasu a shekarar 1974 yana kan wannan ra'ayi, kuma babu mai ganin laifinsa, domin shi bai taɓa cewa ya yi karatu ba.

Karatu

An sa ta makarantar firamare a 1964, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1971, inda Allah ya haɗa ta da wani malamin kimiyyar sinadarai, dogo ramamme, wanda ɗalibai suka raɗa wa suna Malam A Jira, saboda ba a taɓa yi masa tambaya ya amsa nan take ba. A aji huɗu ya zo musu da kwalbar ruwa da ya narkar da alam, farin sinadarin nan na tace ruwa, a ciki har ruwan ya ƙi karɓar ƙari. Ya ɗauki wani dunƙulen alam mai kusurwoyi kamar an sassaƙa shi, ya ɓalle masa kusurwa ɗaya, ya auna nauyinsa, ya jefa a kwalbar ya toshe. Suka ce, "Malam, sai me?" Ya ce, "A jira." Bayan makonni ya ciro dunƙulen a gabansu. Kusurwar da ya ɓalle ta fara cikowa, nauyi kuwa yana nan yadda yake.

'Yan bayan aji suka ce Malam ya fara tsafi. Ya bar su suka gama dariya, sa'an nan ya bayyana musu cewa dunƙulen bai huta ba ko na ƙiftawar ido. Kullum wasu ƙwayoyinsa na sakin jikinsa su shiga ruwa, wasu na fitowa daga ruwa su manne masa, kuma da yake masu fita da masu komowa adadinsu ɗaya ne, ma'auni ba ya ganin komai. Wannan shi ake kira daidaito, in ji shi, kuma babban kuskure shi ne mutum ya ga abu bai canza ba ya ce ba a yin komai a ciki. Ya ƙara musu da ƙa'ida ta biyu, cewa duk abin da ke cikin daidaito, idan aka matsa masa ta wani gefe, zai karkata don ya rage matsin, ko da kuwa da jikinsa zai biya.

A shekarar 1976 ta samu shiga jami'a, inda ta ƙware a fannin daidaiton ayon, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da gishiri ko asid ke rarrabuwa zuwa gare su idan sun shiga ruwa. Ta koyi cewa kowane irin gishiri yana da iyakar da ruwa ke iya ɗauka: ruwan da ya wuce iyaka yakan zubar da rarar ta zama ɓawo, wanda bai kai iyaka ba kuwa mayunwaci ne, duk ɓawon da ya tarar sai ya lashe. Ta koyi kuma cewa ruwan da ke tare da sinadarin alli yakan shanye tsamin da aka zuba masa ba tare da ma'aunin tsami ya motsa sosai ba, har sai allin ya ƙare, sa'an nan ma'aunin ya faɗi gaba ɗaya. A ranar da aka yi musu wannan darasi ta fahimci cewa ɓawon da mahaifinta ya mutu yana tsine wa shi ne katangar da ke tsakanin dalma da bakin mutanen unguwarsu. Ta kammala da digiri mai daraja a 1980.

Aiki

A shekarar 1981 hukumar ruwa ta garin ta ɗauke ta a matsayin jami'ar gwaji a matatar ruwa. Ɗakin gwajin ɗan mitsitsi ne a bayan ɗakin injuna, benci ɗaya, famfo ɗaya, fanka mai kuka kamar za ta faɗo, da taga wadda tun da aka kafa ta ba ta rufu ba. Ruwa kan zo daga madatsa jawur da laka, sai a zuba masa alam don lakar ta kwanta. Amma alam yana da tsami, yakan bar ruwa da yunwa. Saboda haka kafin a tura shi cikin gari ake zuba masa farar ƙasa, mai ɗauke da alli, daidai gwargwado, yadda zai fita a ƙoshe, ba zai ci ɓawon bututu ba, ba zai kuma ƙara shi har ya toshe hanya ba.

Gano wannan gwargwado shi ne aikinta, kuma ba abu ne da ake yi sau ɗaya a huta ba, domin da damina laka kan ƙaru, alam ya ƙaru, farar ƙasa ma dole ta ƙaru, da rani kuma a rage. Ba ta taɓa yarda da awon bakin matata kawai ba. Takan ɗaura kwandon kwalabe a bayan babur ta bi unguwa-unguwa tana ɗibar ruwan famfo, daga nan laƙabin ya samo asali. Mata kan tsokane ta su ce, "Mai Kwalabe, yau ma satar ruwan namu kika zo?" Ita kuma ta ce, "Ni kwalba ɗaya na ɗauka. Ku da kuke barin famfo a buɗe ku tafi gulma fa?"

Injin farar ƙasa kuwa babu wanda ke son sa a matatar. Yana toshewa, yana tari, yana tayar da ƙura, leburori kan fito daga ɗakinsa fari fat, sai idanu. Da lallashi da faɗa ta riƙe shi yana aiki shekara goma sha tara. A tsawon wannan zamani awon ruwan gari bai hau ba bai sauka ba, ɓawon bututu bai ƙaru ba bai ragu ba, ba a kuma taɓa kiranta an ce mata sannu ba, tun da dai ba abin da ya faru.

Aure da zuri'a

A shekarar 1983 ta auri wani direban jirgin ƙasa, mutum mai barkwanci, wanda ya riƙa gaya wa abokansa cewa ya auro matar da ba ta shan ruwa a gidan mutane sai ta ɗaga kofin ta duba shi a haske, har ya daina zuwa da ita ziyara don kunya. Suka zauna a gidan iyayensa, a cikin tsohuwar unguwar dai, tare da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Iya. Zaman suruka da suruka ne na mutunci, domin Iya ta ɗauke mata rainon yara gaba ɗaya, ita kuma ba ta taɓa ɗaga wa Iya murya ba.

Allah ya ba su ɗa namiji a 1984, mace a 1987, wani namiji a 1991. Bayan an fid da rai, a 1998, aka haifi auta, mace. Yarinyar ta yi baki tun kafin ta yi ƙafa sosai. Tana shekara biyu tana kwaikwayon mai tallan gawayi da kukan jirgin babanta, tana maimaita duk abin da aka faɗa a gidan a gaban wanda bai kamata ya ji ba, har uban ya sa mata suna Aku, sunan ya bi ta. Yakan ce, "Maman yara, wannan kam lauya kika haifa mana, sai mu fara tara kuɗin makaranta."

Gwajin wata uku

A shekarar 1999 aka naɗa wa hukumar sabon manaja, injiniya ne na injuna, mai takardun shaida har bangon ofis ya yi musu kaɗan. Don a yi masa adalci, ba ɓarawo ba ne. Da ma ɓarawo ne da abin ya zo da sauƙi, domin ɓarawo ya san ɓarna yake yi. A ziyararsa ta farko matata ya shiga ɗakin farar ƙasa da baƙar kwat, injin ya yi masa tarin da ya saba, ya fito kamar an tsoma shi a gari. Daga ranar ya ɗora wa injin nan karan tsana.

Ya sa aka kawo masa sakamakon awo na shekaru, ya duba, ya ga abu ɗaya ake ta maimaitawa. Maimakon ya ce madalla da wanda ya riƙe shi haka, sai ya ce, to, farar ƙasar nan me take yi ke nan? Ya ba da umarnin a dakatar da ita na wata uku daga Janairun shekarar 2000, a riƙa auna ruwan famfon gari, idan bai canza ba an huta da ita. Ya kira wannan tsari da sunan bin hujja, kuma manyan ma'aikata, waɗanda da yawansu sun zauna a aji an karanta musu daidaito sun ci jarrabawa a kai, suka gyaɗa kai kamar ƙadangaru.

Marigayiya ta yi gargaɗi da baki, ta yi a rubuce, aka ce ta yi awonta kawai. Ta yi, kuma ta rubuta gaskiyar abin da ta gani, domin ba ta iya ƙarya da ma'auni ba. Da wa'adi ya cika aka taru a ɗakin taro, manaja ya baza takardun a kan tebur.

Ya ce, "Malama, wannan rubutunki ne. Ruwan famfon gari ya yi tsami?"

Ta ce, "Bai yi ba tukuna, ranka ya daɗe. Amma a bakin matata ya yi. Yana fita da tsami, yana isa gari babu, ka ga ke nan akwai mai biya a hanya. Allin da nake samu a famfo ya fi wanda muke turawa. Daga ina ya fito in ba ɓawon bututu ne ke narkewa ba?"

Manaja ya yi dariya ya ce, "To ai abin farin ciki ne. Bututunmu suna wanke kansu kyauta." Ɗaki ya ɗauka da dariya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in ɓawon ya ƙare, dalma ce a ƙarƙashi. Akwai yara a unguwar nan."

Ya ce, "In ya ƙare sai ki zo ki gaya mini."

Kai jama'a! Ruwa ya yi abin da littafi ya ce zai yi, an matsa masa da tsami ya karkata yana cin alli don ya rage matsin, amma ɗaki cike da masu digiri suka kalli ma'aunin da bai motsa ba suka ce lafiya lau. A watan Afrilu aka kwance injin farar ƙasa aka jefar da shi bayan katanga. Kafin ƙarshen shekara aka ba manaja lambar yabo saboda sauƙaƙa aiki.

Canjin wurin aiki

Da ta ga an yi kunnen uwar shegu da ita a ofis, sai ta ɗauki hanyar da ta sani. Ta bi gidajen tsohuwar unguwa tana gaya wa mata kada a ba yara ruwan famfo, a bar shi ga wanki da wanka. Wasu suka ji, wasu suka ce Mai Kwalabe karatu ya fara taɓa ta, ruwa garau kamar hawaye za a ce da guba. Labari ya kai hukuma, aka tuhume ta da tayar da hankalin jama'a da zubar da mutuncin ma'aikata. A watan Nuwamban 2000 aka mayar da ita tashar madatsa, tafiyar yini guda, aikinta ta duba sandar da ke nuna zurfin ruwa ta rubuta. Mace mai digiri a daidaiton ayon aka sa gadin sanda.

Ajiye aiki bai yiwu ba, da yara uku a makaranta. Tafiya da Aku ma bai yiwu ba, domin tashar ɗaki ɗaya ce a cikin daji, babu asibiti, babu maƙwabci sai masu gadi. Ta yi yarjejeniya da wani mai tura ruwa a baro ya riƙa kawo wa gidan ruwan rijiya mai zurfi, ta durƙusa gaban surukarta ta ce, "Iya, don girman Allah, ko ɗigo na famfo kada ya shiga bakin Aku." Iya ta ce, "Haba 'yar nan, yara nawa na raina miki? Tafi abinki." Ta tafi, tana zuwa gida ƙarshen wata ta kwana biyu ta koma.

Jan ruwa

A tsakiyar shekarar 2001 ɓawon ya ƙare a manyan layuka na ƙarfe, ruwa ya fara fitowa ja da tsatsa. Ruwa ba ya tsami banza, amma hukumar ba ta tsaya tambayar dalili ba. Ta sa aka riƙa sanarwa a rediyo safe da yamma cewa canjin launi ne kawai, ba shi da illa, a tace, a tafasa, a sha. A bututun gidaje ma ɓawon ya ƙare, dalma ta fara shiga ruwa. Tsatsa dai ido na ganinta. Dalma ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tafasa ba ta kashe ta, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Ruwan ne ke tashi tururi, ita ta zauna a gindin tukunya ta ƙara yawa. Akwai waɗanda suka san haka a hukumar, suka karanta sanarwar kafin a kai ta rediyo, suka sa hannu.

Da ruwa ya yi ja, gari duka ya koma kan masu baro, mai kawo wa gidan ruwa ya samu inda ya fi maiƙo ya daina zuwa. Manyan yara suna makarantar kwana, uba yana kan layin dogo, Iya kuwa gwiwoyinta ba sa kai ta rijiya. Ta ji rediyo, ta ce ai hukuma ba za ta yi wa talakawa ƙarya a kan ruwan sha ba. Don tsananin kula, takan tari ruwan farko na safe, da yake shi ne ya fi haske, alhali shi ne wanda ya kwana a cikin dalma. Ta tace shi da farin ƙyalle, ta tafasa shi ya daɗe a wuta, da shi take dafa wa Aku abinci, shi take ba ta. Idan ƙarshen wata ya gabato takan roƙi yaran maƙwabta su cika randa da na rijiya, don kada hankalin surukarta ya tashi a banza.

Aku ta fara da ciwon ciki da ƙin abinci. Sa'an nan surutun ya ragu, aka ce girma ne ya zo da kunya. Uwar ta lura, ta kai ta asibiti, aka ce tsutsar ciki ce, ta duba randa ta ga ruwan rijiya, ta koma daji da zullumi. A watan Maris na 2002 yarinyar ta faɗi tana jijjiga. Aka kwantar da ita, wani likita mai lura ya sa aka gwada jininta, aka tarar da dalma fiye da kima. A ɗakin da aka kwantar da ita akwai wasu yaran tsohuwar unguwa, gado kusa da gado.

Marigayiya ta iso daga madatsa, ta ga 'yarta, ta wuce gida. Ta sami Iya a madafa zaune kusa da tukunya.

Ta ce, "Iya, da wane ruwa kike dafa mata?"

Iya ta ce, "'Yar nan, na famfo ne, amma wallahi ina tafasa shi har ya ƙone rabi. Rediyo ne ya ce a tafasa."

Marigayiya ta zauna a ƙasa daɓas, ta daɗe a nan. Har Iya ta bar duniya ba ta taɓa jin kalmar zargi ɗaya daga bakin surukarta ba, domin ita surukar ta san inda alhaki yake, kuma ba a madafar nan yake ba. Aku ta rayu, amma ta tashi daga jinya da kalmomi kaɗan, ba ta ƙara kwaikwayon kowa ba.

Kwamitin bincike

A ƙarshen 2002 aka sayo sabon injin farar ƙasa, aka ƙaddamar da shi da rumfa da jawabai a matsayin sabuwar dabarar zamani, manajan nan da kansa ya yanke ƙyalle. Ihu bayan hari! Ɓawon da aka cinye cikin shekara biyu ba ya dawowa cikin shekara biyu. Aka kuma kafa kwamitin bincike, wanda ya ƙunshi mutanen da suka yi dariya a ɗakin taro.

Rahoton ya fito a 2003. Bai ambaci dalma ba ko sau ɗaya, matsalar launi ya kira abin. Ya kafa hujja da awon wata uku, ya ce jami'ar gwaji ce da hannunta ta tabbatar ruwan gari bai canza ba, kuma a kan wannan ne shugabanci ya yanke shawara da kyakkyawar niyya. Game da gargaɗinta kuwa, ya ce ba ta gabatar da shi ta hanyar da za ta gamsar ba. Wato laifinta biyu ne, ta faɗi gaskiyar ma'auni, kuma ba ta iya sa kurma ya ji ba. Aka shafa mata kashin kaji, aka yi mata ritayar dole tana da shekara arba'in da shida. Manaja ya samu ƙarin girma zuwa hedikwata. Allah wadaran wannan hukunci, da wanda ya rubuta shi, da wanda ya karanta ya yi shiru.

Shekarun ƙarshe

Iya ta rasu a 2004, tana neman gafarar surukarta, ita kuwa tana cewa babu abin yafewa. Mijin ya rasu a 2012, kuma waɗanda suka san shi sun ce tun ciwon Aku barkwancinsa ya tafi. Marigayiya ta riƙe gida da koyar da ɗaliban sakandare kimiyyar sinadarai a baranda da yamma. Ɗalibanta sun shaida cewa tana da haƙuri a kan kowane kuskure, ban da ɗaya: duk wanda ya rubuta cewa a daidaito aiki ya tsaya, sai ya sha faɗa har ya yi mamakin abin da ya yi zafi haka.

Sau da dama ta nemi hukumar ruwa ta amince a rubuce cewa ruwanta ne ya taɓa Aku da sauran yaran, don a samu a riƙa duba lafiyarsu. Amsa ɗaya take samu, cewa hukuma ba ta da masaniyar wata yarinya da ruwanta ya cutar. Ta je da yarinyar har ofis, aka bar su a benci daga safe har aka tashi.

Sauran ƙarfinta a kan Aku ya ƙare. Ta koya mata wanka, da sa tufafi, da gane ƙofar gidan yayarta, kowanne sai da aka ɗauki shekaru. Karatu ne ya gagara. Harafin da aka kama da safe kafin la'asar ya gudu, gobe a sake daga farko, haka har allon ya koɗe. Ba ta taɓa yin kuka a gaban yarinyar ba. Abin da ta riƙa faɗa wa babbar 'yarta shi ne, "Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Kada dai a manta da ita a ɗaki kamar kaya."

Rasuwa

Ta yi fama da hawan jini da ciwon ƙoda na tsawon shekara biyu, Allah ya yi mata rasuwa a gidanta a watan Agustan 2021, tana da shekara sittin da huɗu. Aka yi jana'izarta a ranar, aka binne ta a maƙabartar da ke gefen tsohuwar unguwa. Tsofaffin leburorin matata sun halarta, da ɗalibanta, da iyayen wasu yara da suka san dalilin zuwansu.

Bayan mako guda hukumar ruwa ta buga ta'aziyya a jarida, ta kira ta haziƙar ma'aikaciya da ta yi ritaya cikin girma, ta ce ta rasu ta bar 'ya'ya uku, ta jera su da sana'o'insu. Wanda ya rubuta ya san gidan, ya ga yarinyar a bencin ofishinsu. Ba mantuwa ba ce, kuma wannan tarihi ba zai bi su a kan ƙaryar ba.

Marigayiya ta bar 'ya'ya huɗu. Na fari injiniyan gine-gine ne. Ta biyu ma'aikaciyar jinya ce, ita ke riƙe da gida yanzu. Na uku malamin lissafi ne a sakandare. Ta huɗu ita ce auta, Aku, mai shekara ashirin da uku, tana zaune a hannun yayarta. Ranar da aka kawo jaridar gidan ta gane hoton uwarta da aka buga, ta ce Umma, ta rungume takardar ta ƙi saki. Ba ta san an cire ta daga cikin 'ya'yan ba, domin ba ta iya karatu.